Kurakuran da aka fi yi wajen kallon talabijin ɗin Birtaniya daga ƙasar waje

Daren da muka sauka Dubai, ko akwatuna ba mu kwance ba, ƙaramar 'yata ta ɗauki kwamfutar hannunta ta buɗe BBC iPlayer don ta kalli labarin kwanciya barci na tashar CBeebies, kamar yadda ta saba a Mancesta. Layi ɗaya ne ya fito mata: manhajar ba ta aiki sai a cikin Birtaniya. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, ba ka biya ba ne?" Na biya. Lasisin talabijin ɗinmu ma da sauran wata biyar a kansa. Daga ranar zuwa yau na ga 'yan uwa da dama da suka baro Birtaniya, wasu zuwa Saudiyya da Katar, wasu Kanada, wasu suka koma Abuja da Kano, suna faɗawa ramukan da na faɗa, suna asarar kuɗi a kan abin da tun farko ba zai yiwu ba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar lasisin talabijin kamar fasfo, wai inda ka sa ƙafa zai bi ka. Lasisin, wato kuɗin izinin kallon talabijin da ake biya a can, na gida ne, an ɗaure shi da adireshin da ke cikin Birtaniya. A watan Afrilun 2025 kuɗinsa ya kai fam 174.50 a shekara, kuma tun Satumbar 2016 doka ta ce sai da shi za a kalli iPlayer, amma biyansa ba ya buɗe maka komai daga waje. Dalili kuwa ciniki ne. Haƙƙin nuna shiri ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Wasan kwaikwayon da BBC ta nuna a Landan, wataƙila wata tasha ce ta saye shi a Amurka, wata kuma daban a Ostareliya, kuma kowacce ta biya ne bisa sharaɗin ba wanda zai nuna shi a ƙasarta sai ita. Haka abin yake ga ITVX, manhajar tashar ITV, da Channel 4 da Channel 5. Dukkansu suna duba adireshin intanet ɗinka, da zarar sun ga daga waje kake sai su rufe ƙofa.

Idan ƙaura ka yi kuma ba ka bar kowa a gidan ba, ka soke lasisin, ka dakatar da cirar kuɗin da ake yi daga bankinka, ka nemi a mayar maka da kuɗin cikakkun watannin da suka rage. Ana mayarwa. Na san wanda ya shekara biyu ana cirar masa kuɗi wata-wata yana Jidda, yana zaton wata rana zai amfana. Masu biyan kuɗin kallo a Sky da NOW su ma su duba. Daga Afrilun 2018 zuwa ƙarshen 2020 akwai dokar Tarayyar Turai da ta ba mai biyan kuɗi damar kallon abinsa idan ya je wata ƙasar Tarayyar na ɗan lokaci. Ficewar Birtaniya ta kawo ƙarshen wannan tun 1 ga Janairun 2021, amma har yanzu za ka ji wani yana ba da shawara da tsohon labari.

Akwai ƙofa guda da BBC da kanta ta bari a buɗe, kuma mutane kan manta da ita sai sun hau jirgi. Shirin da ka sauke a wayarka ko kwamfutar hannu kana cikin Birtaniya zai yi aiki a waje, galibi har kwana 30. Wannan na mai tafiyar hutu ne ko Umara. Ga mai ƙaura ma yana rage wa yara raɗaɗin makonnin farko. Da na sani da na cika wa yarinyar nan kwamfutarta kafin mu tashi.

Sai maganar setilayit, inda aka fi zuba kuɗi masu nauyi. Tashoshin Birtaniya na kyauta, waɗanda ake kama wa da dikodar Freesat, suna saukowa ne daga taurarin Astra da ke kan digiri 28.2 gabas. A da siginar tana bazuwa sosai, har Turawan Ingila da suka yi ritaya a kudancin Sifaniya da Fotigal suna kallon BBC One da faranti madaidaici. A watan Fabrairun 2014 BBC ta koma kan sabon tauraron Astra 2E, wanda aka tattara haskensa a kan Birtaniya da Ailan. Dare ɗaya hoto ya ɗauke a gidaje da yawa a can. Wasu suka sayi faranti mai faɗin mita biyu ko uku, wasu ko da hakan ba su samu ba. To idan kudancin Sifaniya ya zama haka, ina ga Riyad ko Kano?

Abin da ke ruɗar mutanenmu a nan shi ne a Afirka ta Yamma ma ana juya faranti zuwa digiri 28.2 ɗin, a kama tashoshin Multi TV na Gana. Sai mutum ya ce ai wuri ɗaya ne, in an ƙara girman faranti BBC One za ta fito. Tauraron yana da haske fiye da ɗaya, kamar mai riƙe da tocila biyu, ɗaya ya haska Turai, ɗaya Afirka ta Yamma, kuma abin da aka ɗora a kan wannan ba shi ne a kan wancan ba. Wani ɗan uwana da ya koma Kano ya kwaso dikodarsa tun daga Lesta, mai haɗa setilayit ya yini a kan rufin kwano cikin zafin watan Afrilu yana juya faranti, yaro a ƙasa yana kallon allo yana cewa "ba ta kawo ba." Ba laifin mai gyaran ba ne. Siginar ce ba ta isa wurin. Wanda ke arewacin Faransa, Beljiyam ko Holan ne zai iya sa rai da faranti. A Holan da Beljiyam da Ailan da Suwizalan ma ba sai an wahala ba, don kamfanonin talabijin na waya a can suna ɗauke da BBC One da BBC Two a bisa ƙa'ida.

Ɗauko akwatin talabijin ɗin kansa ma ba ya kawo tashoshin. Freeview, kunshin tashoshin kyauta na can, daga turakun da ke cikin Birtaniya yake zuwa ta eriya. Filogin mai ƙafa uku zai shiga soket a Dubai da Najeriya lafiya lau, allo ya kawo haske, amma tashoshin ba su biyo ka ba. Mai zuwa Amurka ko Kanada kuwa gara ya sayar da nasa kafin ya tashi, don wutarsu 120 ce, tsarin watsa shirinsu ma daban.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Duk inda baƙi suka taru a ƙasar waje akwai mai sayar da "akwati": 'yar ƙaramar na'ura ko sandar Fire TV da aka cusa wa wata manhaja, a ce maka tashoshi dubu biyar ne a ciki, har da Sky Sports da BBC da ITV, ka biya na shekara gaba ɗaya a kuɗin da bai kai na wata biyu na halal ba. Na saya. Wata uku tana aiki, sai dai duk ranar babban wasa hoto ya tsaya cak ana tsakiyar kai hari, ka ji ihun maƙwabta kafin ka ga ƙwallon ta shiga. A wata na huɗu allo ya yi baƙi. Lambar wayar wanda ya sayar mini ta daina shiga. Ba ni da rasit, ba ni da inda zan kai ƙara, don ni ma na san abin da na saya.

Kuɗin da ya tafi shi ne ƙaramar asarar. Wanda ya biya da katin bankinsa ya miƙa bayanansa ga mutanen da bai san su ba, ya kuma jona na'urarsu da intanet ɗin gidansa, inda wayar matarsa da ta 'ya'yansa suke. Kuma kayan sata ne, ko ya muka juya maganar. A watan Mayun 2023 wata kotu a Ingila ta ɗaure mutum biyar da ke sayar da wasannin Firimiya ta wannan hanya, shugabansu ya sami shekara 11, bayan sun tara sama da fam miliyan 7. Idan aka kama irin waɗannan, masu saye a ko'ina suke a duniya sai su wayi gari ba hoto. Wanda ya riga ya saya ya cire na'urar daga intanet ɗinsa, ya canza kalmomin sirrinsa, ya sa ido a kan katin da ya biya da shi.

VPN fa? Ita ce amsar da kowa ke bayarwa da sauri. Aikinta ta sa a ga kamar daga Landan kake shiga. Abu uku ne ba a cika faɗa ba. Na farko, ya saɓa wa sharuɗɗan BBC da sauran tashoshin, kuma iPlayer za ta tambaye ka ko kana da lasisi, wanda ba shi da shi sai ya yi ƙarya kafin ya wuce. Na biyu, tashoshin suna toshe adireshin kamfanonin VPN a kai a kai, abin da ya yi aiki ranar Litinin zai iya ƙi ranar Asabar, ga shi ka biya na shekara biyu don an yi maka ragi. Na uku, ƙasar da kake zaune tana da tata dokar. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba a haramta VPN don aikin halal ba, amma dokar laifukan intanet ta 2021 ta tanadi tarar da ta fara daga dirhami 500,000 ga wanda ya ɓoye adireshinsa don aikata laifi. Baƙon da zamansa ya rataya a kan biza bai kamata ya yi wasa kusa da wannan ba. Na kyauta kuwa ka nisance su gaba ɗaya. Wanda ya ba ka hanya bai karɓi kuɗinka ba, da bayananka yake cin abinci.

Abin da ya warware mana matsalar a gidanmu takarda ce da biro. Na ce kowa ya rubuta abin da yake kewa da gaske. Uwargida ta rubuta labarai da shirin gasar gashin burodi da kek. Babban ɗana ya rubuta ƙwallo. Ƙaramar ta rubuta shirye-shiryenta biyu. Ni kuma labarai da shirye-shiryen namun daji na David Attenborough. Daga tashoshi sama da saba'in da muka baro, abin da muke nema bai cika tafin hannu ba, kuma kusan kowanne akwai wanda ke da haƙƙin nuna shi a inda muke.

Labarai su suka fi sauƙi. Tashar BBC News ta duniya tana cikin kusan kowane kunshin tashoshi, Sky News kuma tana watsa shirinta kai tsaye a YouTube kyauta. CBeebies ma tana da shafinta a YouTube. Wanda ke Najeriya ko Gana zai sami BBC Brit da BBC Earth da BBC Lifestyle da CBeebies a DStv, sai dai ya sani waɗannan na ƙasashen waje ne, jadawalinsu ba irin na Birtaniya ba ne, sabon shiri kan ɗan jima kafin ya iso. Wanda ke Amurka, Kanada, Ostareliya ko ƙasashen arewacin Turai yana da BritBox, inda ake tara wasannin kwaikwayo na BBC da ITV. A duba kafin a biya, don ba ko'ina take ba. Ta Afirka ta Kudu ma an rufe ta a 2024. Masu rediyo su ma abin ya taɓa su: tun watan Yulin 2025 manhajar BBC Sounds ta daina aiki ga mazauna waje, sai a koma shafin BBC.com, inda ake samun Radio 4 da World Service.

Ƙwallo kuwa, a nan ne kuskuren ya fi ban mamaki, domin wanda ke waje ya fi na Ingila morewa. A can ba a nuna wasa kai tsaye tsakanin ƙarfe 2:45 da 5:15 na yammacin Asabar, tsohuwar ƙa'ida ce don kada mutane su daina zuwa filin wasa. Saboda haka daga wasanni 380 na kakar Firimiya, kimanin 270 ne ake gani a talabijin a Birtaniya. Mai beIN Sports a ƙasashen Larabawa ko SuperSport a Afirka yana ganin wasannin ƙarfe ukun da abokinsa na Mancesta ba zai gani ba. Duk da haka sai ka ga mutum yana Doha yana fafutukar kamo Sky Sports ta ɓarauniyar hanya, alhali na halal ɗin da ke ƙofar gidansa ya fi yawa, ya fi tsabtar hoto.

Saura abu biyu ƙanana masu ɓata rai. Data: hoto mai inganci na iya cin har gigabait 3 a awa ɗaya, wasa guda ya lashe kusan shida. Wanda ke amfani da datar waya ya shiga saitin manhaja ya rage ingancin, a ƙaramin allo bambancin ba ya wani fitowa. Sai agogo. Birtaniya tana ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A waɗannan watanni lokacinta ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, a sauran kuma ƙasashen biyu suna gabanta da awa ɗaya. Makka tana gabanta da awa biyu ko uku, Dubai da uku ko huɗu. Wasan ƙarfe takwas na dare a Landan cikin Disamba, a nan Dubai sha biyun dare ne ake take shi, a tashi wajen ƙarfe biyu, ga Asuba ga makaranta. Da ɗana muka yi yarjejeniya: wasannin Asabar da Lahadi na rana kai tsaye, na daren tsakiyar mako kuma sai washegari bayan La'asar, kuma duk wanda ya ga sakamako a waya ya yi shiru har a gama kallo.