Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsu Yana Cikin Tashi

Shirwa ce malamar farko. Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Dagona, matattarar tsuntsaye a jihar Yobe, ko fadamun Hadejia da Nguru, fara zuwa bayan mahauta inda take shawagi tana jiran tsoka. Tana da girma, shawaginta a hankali ne, sai kuma ta karkace ta kawo sura, kuma za ta yi ta maimaitawa a wuri ɗaya. Gaida mahauta tukuna, ka gaya musu abin da ya kawo ka, sannan ka ɗaga kyamara.

Saita kyamara tun daga gida

Lens, wato madubin gaban kyamara mai jawo nesa kusa, na milimita 300 zuwa 400 ya isa farawa. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne saurin ƙiftawar kyamara. Sa 1/2000 na daƙiƙa ga shirwa, balbela da shamuwa. Tsattsewa da ƙananan tsuntsaye sai 1/3200 ko 1/4000, in ba haka ba fukafukai za su fito kamar an shafa su da hannu. Ƙofar haske ta zauna a f/5.6 zuwa f/8. Bar ISO, wato ma'aunin ƙarfin kyamara na kama haske, ya riƙa daidaita kansa, ka yi masa iyaka a 3200 ko 6400. Kada tsoron tsakuwa-tsakuwar da ISO mai yawa ke kawowa a hoto ya sa ka rage sauri: tsakuwa tana gyaruwa a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ya tafi ke nan.

Mayar da fokas ya zama mai bin abu, wato AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Zaɓi rukunin ɗigon fokas a tsakiyar allo, domin ɗigo ɗaya yana da wuyar riƙewa a kan tsuntsu mai juyi. Kunna ɗauka a jere, kamar hoto 10 a daƙiƙa, ka sa memori mai sauri.

Inda za ka tsaya

Tsuntsu yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska. Don haka kana son rana da iska su kasance a bayanka tare. Hunturu ya sauƙaƙa mana wannan: iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, hantsi kuma daga gabas. In ka tsaya gabas da tafki da safe, agwagwan ruwa da dinya za su taso suna fuskantarka, haske a ƙirjinsu da idonsu. In ka tsaya yamma da su, wutsiya da inuwa kawai za ka kwaso.

Yi aikinka daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara da rabi, sai kuma bayan la'asar. Da rana ta take, tururin zafi da ke tashi daga ƙasa yana lauya hoto, ko fokas ya zauna daidai. Ranar da hazo ya yi kauri, matsowa kusa ne kaɗai magani. A Dagona, cikin jihar Yobe, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai sun fi yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato lokacin ƙura, saboda haka kada ka canza lens a fili.

Bin tsuntsun

Ware ƙafafu, manna gwiwar hannu da haƙarƙari, hannun hagu a ƙarƙashin lens. Juya daga ƙugu, ba da hannu ba. Kama tsuntsun tun yana nesa, ka danna maɓallin ɗauka rabi fokas ya riƙe shi, ka bi shi, sai ya cika kamar kashi ɗaya cikin uku na allo ka saki hoto biyar zuwa takwas. Ci gaba da juyawa bayan ka saki. Mai danne maɓalli ba ƙaƙƙautawa yakan cika ma'ajiyar kyamara, ta tsaya cak daidai lokacin da shirwa ta miƙa ƙafa. A cikin hoton, bar fili a gaban bakin tsuntsun, ta inda ya nufa.

Na zaune kan reshe yana ba da alama kafin ya tashi: ya juya ya fuskanci iska, ya ɗan durƙusa, sau da yawa ya yi kashi. Fara ɗauka a nan, don in ka jira ka ga tashin, ka makara. Haka gwaggon biri a Yankari: yakan kalli inda zai dira kafin ya yi tsalle, sai ka sa fokas a can ka jira shi da 1/1600. Kada ka jefi tsuntsu don ya tashi, kada ka kusanci sheƙa. Tsuntsun da aka razana baya yake ba ka, uwar da aka kora kuma rana na iya kashe mata ƙwai.

In hoto ya ɓaci

Tsuntsu ya fito baƙi ƙirin? Hasken sama ne ya ruɗi kyamara, ƙara haske da +1. Balbela ta ƙone fari fat, gashinta bai fito ba? Rage da -2/3. Bishiyoyin baya sun fito tar, tsuntsun ya dushe? Fokas ya zame: saki maɓalli, sake kama shi. Fukafukai sun lanƙwashe kamar roba? Ƙiftawar lantarki marar ƙara ce ke jawo haka a kyamarori da yawa, koma ta inji mai ƙara.