Darasi na 9: Karnuka Uku a Gida Ɗaya

Da yawa daga cikin masu zuwa wannan aji aikin gadi suke yi, wasu a gidajen Malali da Unguwar Rimi da Barnawa a Kaduna, wasu a gonakin kaji na hanyar Zariya ko ta wajen Mando. Akwai kuma masu fita farauta da rani. Wanda ya ɗauke ka gadi yakan miƙa maka tocila da makulli, ya nuna maka karnuka ya ce ga su nan, shi ke nan. Ba wanda zai gaya maka yadda suke zama da juna. Ranar da suka yi faɗa kuwa, kai za a tambaya.

Malamai sun yi bayani cewa an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida. Duk dabbar da ke hannunka tana da haƙƙi a kanka, ci da sha da lafiya. Saboda haka wannan darasi ba na wasa ba ne.

Karatu

A karanta a hankali, kowa layi biyu.

Wani dattijo yana gadi a wani gida a Malali. Karnuka uku ne a gidan. Akwai Duna, baƙin kare mai shekara takwas. Akwai Fara, karya ce mai shekara huɗu. Sai Guguwa, wanda aka kawo yana ɗan kwikwiyo, yanzu ya kai shekara ɗaya da rabi. Babbar tasa ɗaya ake zuba musu abinci. Tun Guguwa yana ƙarami yake sa baki tare da Duna, Duna bai taɓa kula shi ba.

Wata rana da yamma aka zuba abinci. Guguwa ya sa baki, Duna ya yi gurnani. Dattijo ya ɗauki sanda ya maka wa Duna, ya ce, "Tsoho da rowa!" Washegari ma haka. Rana ta uku Duna bai yi gurnani ba. Guguwa na sa baki, sai ya cafke masa kunne. Jini ya zuba.

Aka kira likitan dabbobi. Bayan ya ɗinke kunnen, dattijo ya ce, "Likita, sarauta suke yi wa faɗa. Yaron nan so yake ya ƙwace gidan. Ko in riƙa dukan su duka har su san ni ne babba?"

Likita ya ce, "A'a Baba, ajiye sandar nan. A sayo kwano uku."

Sababbin kalmomi da za a rubuta a allo: gurnani, kwikwiyo, kyarkeci, barbara, fiɗiya, rigakafi. A lura da ƙugiyar ɗ a cikin fiɗiya.

Daga ina maganar sarautar karnuka ta fito?

Baba maigadi bai faɗi abin da ba a faɗa ba. Har masu ilimin boko sun daɗe suna cewa haka. Asalin kare daga kyarkecin ƙasashen sanyi yake, saboda haka masana suka ɗauka cewa idan an fahimci zaman kyarkeci, an fahimci zaman kare. A shekarar 1947 wani masani mai suna Rudolph Schenkel ya fitar da sakamakon binciken da ya yi kan kyarketai da ke tsare a gidan namun daji na birnin Basel a ƙasar Suwizalan. Ya ga suna yawan faɗa, mai ƙarfi yana danne sauran. Daga nan maganar ta yaɗu cewa a kowane garke akwai shugaba ɗaya da ya hau da ƙarfin haƙori, wanda ake kira alfa. A 1970 wani Ba'amurke, David Mech, ya rubuta littafi da ya ƙara baza wannan magana a duniya.

To amma kyarketan Basel ba 'yan gida ɗaya ba ne. An tattaro su ne daga wurare daban-daban aka kulle su a shinge ɗaya, ba hanyar fita. Ko mutane aka yi wa haka, ai sai an ji kansu. Shi Mech ɗin ya shafe shekaru yana zuwa tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada yana kallon kyarketai a dajinsu. A 1999 ya fito ya gyara maganarsa da kansa. Ya ce garken kyarkeci a daji iyali ne kawai: uba da uwa da 'ya'yansu. Iyaye ke jan gaba saboda su ne iyaye, 'ya'ya kuma idan sun girma sukan watse su kafa nasu gidan. Ni dai ina ganin girman mutumin da zai ce wa duniya na yi kuskure. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Karnukan gida kuwa ko iyali ɗaya ba su ba ne. Alhaji ya sayo wannan, abokinsa ya ba shi wancan, ɗansa ya kawo na uku. Ba su suka zaɓi juna ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Wannan ba ya nufin babu gaba da baya a tsakaninsu. Akwai. Sai dai ba sarauta ba ce mai rawani da ake naɗa wa kare ɗaya a kan komai. Ku tsaya ku lura da naku na sati guda, za ku ga abin mamaki. A gidan da muka karanta, Duna ne ba a taɓa masa abinci, amma idan aka buɗe ƙofa Guguwa ne ke fara fita, Duna ko a jikinsa. Inuwar gindin mangwaro kuwa ta Fara ce, idan ta kwanta duk su biyun sai su nemi wani wuri. Kowanne yana da abin da ya fi so, sauran kuma sun koyi bar masa shi. Idan wannan fahimta ta zauna, gida ya yi shiru. Faɗa yana tashi ne idan biyu suka so abu ɗaya da ƙarfi ɗaya, babu mai niyyar janyewa.

Abubuwan da suke so ɗin ba su da yawa: abinci, musamman ƙashi, wurin kwanciya, karya idan ta shiga lokacin barbara, da kuma hannun mai ba su abinci. Wurin kwanciya ma yana bin yanayi. Da zafin Maris da Afrilu inuwa da ƙasa mai danshi ake rububi, da hunturu kuma lungun da iska ba ta shiga.

Me ya sa sai yanzu Duna ya juya wa Guguwa? Manyan karnuka sukan yi wa kwikwiyo haƙuri, kamar yadda ake ƙyale yaro ya sa hannu a kwanon babba. Tsakanin shekara ɗaya zuwa uku kare yake zama cikakke, a lokacin ne haƙurin yake ƙarewa. Duna kuma ya tsufa, saurin cinsa ya ragu, yana ganin abinci na ƙarewa a gabansa.

Gurnani magana ce

Nan ne kuskuren Baba ya fi girma, kuma kusan kowa yana yinsa. Kare ba ya son faɗa, don ya san zai ji ciwo. Kafin ya kai baki yana da matakai na gargaɗi. Da farko zai kau da kai ko ya lashi hanci. Idan ba a ji ba, sai ya daskare wuri ɗaya, jiki ya yi tauri, ya kafe ɗan'uwansa da ido. Gashin bayansa yana iya tashi. Sai ya ɗaga leɓe ya nuna haƙora, sai gurnani. Bayan gurnani ne cizo.

Da Duna ya yi gurnani, cewa ya yi, "Yaro, matsa." Da an ƙyale su, da wataƙila Guguwa ya ja baya ya koyi darasi. Sanda ta koya wa Duna cewa gurnani na jawo duka, amma ba ta cire masa damuwar abincinsa ba. Sai ya tsallake gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Karen da aka hana gurnani ya fi mai gurnani haɗari, har ga yaran gida.

Shi ma wanda ya janye yana da tasa maganar. Zai sunkuyar da kai, ya kwantar da kunnuwa, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, wani lokaci ya kwanta ya nuna ciki. Kada ka ji tausayinsa ka jawo shi jikinka kana korar babban. Shi bai ga wulaƙanci a ciki ba, hanyar zaman lafiya ya bi. Idan ka tsaya masa kullum, sai ya daina janyewa idan kana kusa, faɗa ya riƙa tashi a gabanka.

Wani abin lura: kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. Idan wutsiya ta miƙe sama, ta yi tauri, tana ɗan karkarwa, a yi hattara. Wasa kuwa ana gane shi idan kare ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga baya, jiki a sake, yau wannan a sama, an jima wancan.

Abin yi a gida

Kowane kare da kwanonsa, a ajiye su nesa da juna, in da hali da bango ko ƙyaure a tsakani. Ka tsaya har su gama, sannan ka kwashe kwanonin. Kwano ko babu komai a ciki yana iya haɗa faɗa. Ƙashi kuwa kada a jefa guda ɗaya a tsakiyar karnuka. Ko dai kowa ya samu nasa a wurinsa, ko a bari. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini ya soki hanji, albasa mai yawa kuma tana lalata musu jini, don haka a duba ragowar miya kafin a zuba. Ruwa a ajiye wuri biyu, kada wani ya tsare shi.

Karya takan shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, kowane karo sati biyu zuwa uku. A wannan lokaci mazan da suka yi shekaru lafiya suna iya yaga juna, karnukan unguwa ma su taru a bakin ƙofa. A killace ta ita kaɗai. Idan ta ɗauki ciki, kwana 63 ne ko kusa da haka ta haihu, kuma mai jego ba ta son kowa kusa da 'ya'yanta. Wanda ba ya son kwiyakwiyi ya yi magana da likita a yi mata aikin hana haihuwa. Fiɗiye namiji yana rage yawo da faɗan kan mace, amma ba ya hana faɗan abinci. Mata biyu kuwa, idan suka ƙulla gaba, tasu ta fi ta maza wuyar warwarewa, wani lokaci sai an raba musu gida.

Idan za a kawo sabon kare, kada a turo shi cikin gida kawai. A fitar da na gida waje, mutum biyu, kowa riƙe da igiyar ɗaya, a yi tafiya a layi har su shinshini juna a wurin da ba na kowa ba. Sannan a shigo tare. Kwanakin farko su kwana dabam.

Kai kuma girmanka a wurinsu ba daga sanda yake zuwa ba. Kai ke da abinci, kai ke buɗe ƙofa, kai ke kwance sarƙa. Koya wa kowanne ya zauna kafin ka ajiye masa kwano, da kalma ɗaya da ba ta canzawa. Ka yi haka kullum a lokaci ɗaya.

Idan faɗa ya kaure

Kada ka sa hannu wajen bakinsu ko wuyansu, ko da karenka ne da ka raina tun yana shan nono. A cikin faɗa ba ya gane hannun wa ya kama. Ka kori yara. Ka watsa musu bokitin ruwa, ko ka buga langa-langa da ƙarfi, ko ka zura faffaɗan katako a tsakaninsu. Idan ku biyu ne manya, kowa ya kama ƙafafun baya na kare ɗaya ya ɗaga kamar baro, ya ja da baya. Bayan an raba, a kulle su dabam, a duba jikinsu. Ramin haƙori ƙarami ne a ido amma yana da zurfi, yana kuma ruruwa.

Karen da ya canza hali dare ɗaya, a fara zargin ciwo kafin a zargi mugunta. Ciwon haƙori, ciwon kunne, ciwon gaɓoɓi na tsufa, duk suna sa kare faɗa. Mafi muni shi ne ciwon haukan kare. Idan kare yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ko ya kasa haɗiya, a kulle shi ba tare da an taɓa shi ba, a kira likitan dabbobi nan take. Wannan ciwo idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Ana yi wa kare allurar rigakafi tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana haɗa wannan allura, a Zariya kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Takardar allurar, a adana ta inda ruwa ba zai taɓa ba. Yanzu da kuka iya karatu, ku duba kwanan watan da ke jiki da kanku.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Shi kuma karen a tsare shi kwana 10 likita yana duba shi.

Aiki

1. Me ya sa Duna bai yi gurnani ba a rana ta uku? Amsa da baki.
2. Ina kyarketan da Schenkel ya yi bincike a kansu suke zaune? Me ya bambanta su da na daji?
3. Daga 1970 zuwa 1999 shekara nawa ke nan?
4. Kwana 63 sati nawa ne?
5. An yi wa Fara allura ranar 10 ga Yuni. Rubuta ranar da za a sabunta mata.
6. Rubuta wa maigidanka gajeriyar takarda, layi uku, kana neman a sayo kwano uku da dalilinka.

Aikin gida: wanda ke da karnuka a wurin aikinsa ya ja layi uku a littafinsa, ya rubuta abinci, wurin kwanciya, ƙofa. Kullum har kwana bakwai ya rubuta sunan karen da ya riga sauran a kowanne. Wanda ba shi da karnuka ya yi da kaji ko awakin gidansu. A zo da littafin ranar aji mai zuwa.