Kama da wane ba ta wane: kurakuran kwatance a kimiyya

Wani ɗalibina a nan Sakkwato ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, in an yanke waya, ina wutar take zuba?" Laifina ne. Ni na ce musu lantarki kamar ruwa ne a cikin tiyo, batir kuwa famfo, ban faɗa musu inda kwatancen ya tsaya ba. Tiyo in ya tsage, ruwa ya yi ta kwarara, amma waya in ta katse, wutar tsayawa take cak.

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: jan misali har ya wuce iyakarsa. Maganinsa na ara daga Mary Hesse, masaniyar falsafar kimiyya 'yar Ingila, wadda a 1963 ta kasa kwatance gida uku: inda abubuwa biyu suka dace, inda suka saɓa, da inda ba a tantance ba tukuna. Rubuta ukun a takarda. Gida na ukun nan shi za ka kai ɗakin gwaji.

Sai ruɗuwa da kamannin ido. Jemage na da fiffike, yana tashi, amma haihuwa yake yana shayarwa, don haka ba a sa shi cikin tsuntsaye. Wanda ya zauna gaban malaman zaure ya riga ya san gyaran daga babin kiyasi: ba a ɗora wa reshe (sabuwar mas'ala) hukuncin asali sai illarsu, wato dalilin hukuncin, ta zo ɗaya. Zoɓo bai haramta don ya yi launin wata giya ba, maye ake dubawa. To, a kimiyya ma tambayi kanka, abin da ke haddasa sakamakon can, yana nan?

Akwai kuma masu ɗaukar zane a matsayin abin kansa. A 1913 Niels Bohr ya siffanta ƙwayar zarra da ilektiron, wato ƙananan ɓurɓushi masu cajin lantarki, na kewaya cibiyarta kamar duniyoyi da rana. Lissafin ya yi daidai a kan zarrar sinadarin haidirojin, da aka zo ta sinadarin hiliyom ya cije. Har yau yara na zana shi a allo, ba laifi, muddin an gaya musu tsani ne.

Na noma kuwa a bayyane yake. Takin da ya karɓi albasa a fadamar Rima, kada ka ɗauki adadinsa ka kai jigawa, inda rairayi ba ya riƙe ruwa. Ware kunya biyu ko uku ka gwada tukuna.