Kafin ka sayi gida a Amurka, ka binciki ƙungiyar unguwar

'Yan'uwa masu niyyar sayen gida a Amurka, unguwanni da yawa suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje da ake kira HOA. Da zarar ka saya ka zama ɗan ƙungiya, ko kana so ko ba ka so, kuma kuɗin wata-wata dole ne. In bashi ya taru, har gwanjon gidan ana iya yi.

Kafin ka sa hannu, nemi takardar dokokinsu da bayanin asusun da suke tarawa don gyare-gyare. Ni asusun nan na fi dubawa. Bayan rushewar wani dogon bene na gidaje a garin Surfside na jihar Florida a 2021, jihar ta tsaurara dokar tanadin kuɗi a irin wannan asusun, masu gidajen bene da dama suka wayi gari da ƙarin kuɗi mai nauyi.

Dokokin kuwa, launin fentin ƙofarka ma ba su ƙyale ba, balle ɗaure ragon Layya a tsakar gida.