Yadda za ka warware matsalar ƙofofi uku: ka sauya zaɓi ko ka tsaya a kan na farko?

A ce kana wasa a wani shirin talabijin, a gabanka akwai ƙofofi uku a rufe. An ajiye sabuwar mota a bayan ɗaya, sauran biyun kuwa kowacce akuya ce a bayanta. An ce ka zaɓa, ka nuna ƙofa ta farko. Kafin a buɗe maka ita, sai mai gabatar da shirin, wanda ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, ya je ya buɗe ta uku, ga akuya a tsaye. Daga nan ya juyo ya tambaye ka ko za ka tsaya a kan ƙofarka ko za ka koma ta biyu. Yawancin mutane cewa suke yi ai ƙofa biyu suka rage, mota na bayan ɗaya, saboda haka rabi da rabi ne, duk wadda ka riƙe ɗaya ne. Amsar da ta yi daidai ita ce ka sauya, domin mai sauyawa yana cin motar sau 2 a cikin 3, mai tsayawa kuwa sau 1 kawai a cikin 3.

Ana kiran wannan tambaya da sunan Monty Hall, mutumin da ya gabatar da shirin talabijin na Amurka mai suna Let's Make a Deal tun daga 1963. Masanin ƙididdiga Steve Selvin ne ya fara rubuta ta a mujallar The American Statistician a 1975, amma ba ta yi amo ba sai a 1990, lokacin da Marilyn vos Savant ta amsa ta a shafinta na mujallar Parade, ta ce sauyawa ta fi. Wasiƙu wajen 10,000 suka yi mata ruwa, kusan 1,000 daga masu digirin digirgir, kuma mafi yawansu cewa suke yi ta yi kuskure. Ita ce ke da gaskiya. Na kawo wannan tarihi ne domin kada wanda amsar ta ƙi shiga kansa ya ga kamar shi ne mai rauni a lissafi, tunda har Paul Erdős, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 20, bai gamsu ba sai da aka nuna masa sakamakon gwaji a kwamfuta.

Abin da za ka fara yi shi ne ka rubuta ƙa'idojin wasan a takarda kafin ka taɓa lissafi, domin a nan ne yawancin gardama ke samo asali. An ajiye motar ba tare da fifita wata ƙofa ba. Mai gabatarwa ya san inda take. Dole ne ya buɗe ƙofa ɗaya a kowane zagaye, ba zai buɗe wadda ka zaɓa ba, ba zai kuma buɗe mai mota ba, kuma dole ne ya ba ka damar sauyawa, ko ka dace tun farko ko ba ka dace ba. Idan ka dace da motar tun farko, yana da ƙofofin akuya biyu a gabansa, sai ya buɗe kowacce ba tare da son wata ba. Idan aka cire ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, tambayar ta zama wata daban, amsarta ma tana iya canzawa.

Bayan haka sai ka ƙirga abubuwan da za su iya faruwa, kuma uku ne kacal. A ɗauka kullum ƙofa ta farko kake zaɓa. Idan motar tana bayan ta farko, mai gabatarwa zai buɗe ta biyu ko ta uku, kuma in ka sauya ka yi asara. Idan tana bayan ta biyu, hannunsa a ɗaure yake: ba zai buɗe ƙofarka ba, ba zai buɗe mai mota ba, ta uku kaɗai ta rage masa, kuma in ka sauya ka ci. Idan tana bayan ta uku, dole ta biyu zai buɗe, in ka sauya ka sake ci. Ka lura da abin da wannan ƙidaya ta nuna, domin shi ne ƙashin bayan maganar duka: mai sauyawa yana ci a duk lokacin da zaɓinsa na farko ya zama kuskure, yana kuma faɗuwa ne kawai idan zaɓinsa na farko ya yi daidai. To, mutumin da ya yi canki-canka tsakanin ƙofofi uku sau nawa zai yi kuskure? Sau 2 a cikin 3. Buɗe ƙofar da mai gabatarwa ya yi bai koma baya ya gyara maka zaɓin farko ba, kuma bai gaya maka komai a kan ƙofarka ba, tunda ko mota ce a bayanta ko akuya, yana da akuyar da zai nuna maka. Ƙofar da ya tsallake ita ce labarinta ya canza, domin a lokuta 2 cikin 3 tilas ce ta sa ya tsallake ta.

Idan har yanzu zuciyarka tana gaya maka rabi da rabi ne, kada ka yi ta jayayya da ita, ka kai ta ga gwaji. Nemi kofuna uku waɗanda ba a ganin cikinsu, da zobe ɗaya, da abokin wasa. Ka juya baya, shi kuma ya kife kofunan a kan tebur, ya ɓoye zoben a ƙarƙashin ɗaya. Ka juyo ka ɗora yatsa a kan kofin da ka zaɓa, shi kuma ya ɗaga ɗaya daga cikin sauran biyun wanda ya san babu komai a ƙarƙashinsa. Ku ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya na tsayawa, ɗaya na sauyawa, kuma a kowane zagaye ku yi alama a gefen da zai ci. Zagaye 10 bai isa ba, domin sa'a tana iya karkata ƙaramin adadi zuwa kowane gefe. Ku yi 60, za ku ga alamomin sauyawa sun taru kusa da 40, na tsayawa kuma kusa da 20, ko da yake ba lallai su faɗa daidai a kan waɗannan lambobi ba.

Shawarar da na fi ba da muhimmanci a wannan gwaji ita ce ku yi musayar matsayi, kai ma ka zama mai ɓoye zoben. A wannan kujera ce abin yake bayyana fiye da ko'ina. Za ka ga abokinka ya ɗora yatsa a kan kofin da ka san babu komai a cikinsa, hannunka ya miƙa zai ɗaga wani, sai ka ji ka janye shi daga kofin zoben zuwa ɗaya tilo da ya rage maka. Bayan zagaye biyar ko shida za ka fara ji a jikinka cewa mafi yawan lokaci ba zaɓi kake yi ba, kaucewa zoben kake yi, kuma kaucewar nan tana nuna wa abokinka inda zoben yake.

Wata hanya kuma ita ce ka ƙara yawan ƙofofin zuwa 100. Ka zaɓi ɗaya, mai gabatarwa ya bi sauran 99 yana buɗewa, ya buɗe 98 duk awaki, ya tsallake ta 73 ya bar ta a rufe. Ba wanda zai ce ƙofar da ya cafka da ka, wadda damarta 1 ce a cikin 100, daidai take da wadda mai sanin sirri ya zagaye da gangan. A nan sauyawa tana ci sau 99 a cikin 100, kuma dalilin shi ne dai na ƙofofi uku, sai dai ya fi fitowa fili.

Saura ka san inda amsar take rushewa, domin wanda ya haddace "a sauya" kawai bai gama fahimta ba. A ce mai gabatarwa yana ba da damar sauyawa ne kawai idan ya ga ka dace da motar, don ya raba ka da ita; a irin wannan wasa duk wanda ya sauya ya yi asara. Monty Hall da kansa ya ja hankali ga wannan a hirarsa da jaridar New York Times a 1991, inda ya nuna cewa a shirinsa na gaske ba dole ba ne ya ba kowa wannan dama. Sannan a ce mai gabatarwa bai san inda motar take ba, ya yi canki-canka ya buɗe ɗaya daga cikin sauran biyun, aka yi dace akuya ta fito. A ido, abin da ka gani ɗaya ne da na farko, ƙofa a buɗe da akuya a tsaye, amma lissafin ya bambanta. Ka ɗauki zagaye 300. A cikin 100 ka dace da motar tun farko, kuma duk ƙofar da ya buɗe akuya ce. A cikin sauran 200 motar tana bayan ɗaya daga cikin ƙofofin da ba ka zaɓa ba, kuma a rabinsu, wato 100, zai buɗe motar da kansa wasan ya lalace. Abin da ya rage zagaye 200 ne da akuya ta fito: 100 da tsayawa ke ci, 100 da sauyawa ke ci. A nan ne rabi da rabi ya zama gaskiya.

Wannan ma kana iya gwada shi da kofunanka, sai dai kuna buƙatar mutum na uku wanda zai ɓoye zoben alhali ku biyun kun juya baya. Ka zaɓi kofinka, abokinka ya ɗaga ɗaya daga cikin sauran biyun ba tare da ya san komai ba, kuma duk zagayen da zoben ya bayyana a ƙarƙashin kofin da ya ɗaga ku soke shi, kada ku rubuta. Ku yi zagaye 90, wajen 30 za su soke, sauran kuma za su rabu kusan daidai tsakanin gefe biyu na takardar. Sai ka ajiye wannan takarda kusa da ta farko ka kwatanta su.