Yadda za a kare gida daga sauro a lokacin kulle

Ba da tazara tsakanin mutane yana rage cutar da ke bin numfashi, amma sauro ba ruwansa da tazara. Abin da kulle, wato dokar hana fita saboda annoba, ke sauyawa shi ne inda mutum ke yini da kuma yadda magani ke isa gare shi. A 2020, shekarar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 627,000 ne zazzabin cizon sauro ya kashe, kuma kusan 47,000 daga cikinsu sanadin tsaikon rabon gidan sauro da gwaji da magani ne.

A fara da ruwan ajiya. Idan an hana fita, kowane gida yakan cika duro da randa da jarka, kuma nan ne sauron Aedes, mai ɗigon fari a ƙafa, yake zuba ƙwai. Shi ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, da rana yake cizo, wato daidai lokacin da a da mutane ke kasuwa ko makaranta. A Singafo, a shekarar kullen, masu dengi sun haura 35,000. Daga ƙwai zuwa sauro kwana 7 zuwa 10 ne, saboda haka duk mako a juye ruwan, a goge cikin mazubin da soso, a rufe ruf. Gogewar ce aka fi tsallakewa, alhali ƙwan yana manne a jikin randa, yana jure bushewa har watanni, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Tsohuwar taya da gwangwani da kaskon ruwan kaji ma haka.

Sauron maleriya kuwa na dare ne. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a ɗaura, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke duk wata huda. Rana da omo mai ƙarfi suna cinye maganin jikinsa.

Babbar asarar tana wajen zazzaɓi. Tsoron kada a ce korona ce ya sa mutane da yawa suka ƙaurace wa asibiti, suka koma kemis. Duk zazzaɓi a yi gwajin jini cikin awa 24, musamman ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5. In maleriya ce, a shanye maganin na kwana 3 ko da jiki ya yi sauƙi. In ana zargin dengi, farasitamol kaɗai. Asfirin da ibuprofen suna iya jawo zubar jini.

Masu rabon maganin rigakafin maleriya na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 kada a mayar da su daga ƙofa. Su miƙo daga nesa, uwa ta ba yaron na ranar farko a gabansu, ta ƙarasa na kwana biyun da suka rage. Mai ciki kuma ta ci gaba da zuwa awo, don a can ake ba ta Fansidar, maganin rigakafin maleriya, daga wata na huɗu.