Yadda ake gano abin da ke sa tsohuwar mota mai injekta shaƙewa

Abin da ke ba ni haushi a gareji shi ne, mota na fara shaƙewa sai ka ji yaro ya ce "oga famfon mai ne", ko bonet bai buɗe ba. A je Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota a Jos, a sayo famfo, a wanke nozul, a canza filogi, kuɗi sun tafi mota na nan tana tarinta. Kar ka sayi ko washa ɗaya sai ka gwada.

Ka fara da lura da lokacin da take yi. Da sanyin safiya ne kafin inji ya ɗumama, ko sai ka taka totur da ƙarfi, ko a sulo tana tsaye? In sai a hawa take yi, misali kana hawo Hawan Kibo da kaya ta riƙa ja da baya kamar mai ya ƙare, to nan ka zargi famfo ko filtar mai, amma a sa geji a auna ƙarfin tura mai tukuna, yawancin waɗannan motocin wajen bar 3 suke so a geji, littafin motar zai faɗa maka daidai. Jin ƙarar famfo a tanki ba ya nufin yana tura mai yadda ya kamata.

Sai a sa mata kwamfuta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2 a ƙasan sitiyari, ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya ma ta isa, kuma ta fi famfo ɗaya araha. In na'urar ta nuna lambar matsala P0301 zuwa P0304, silinda ce guda ba ta kama wuta, lambar ƙarshe ita ce silindar. Ka ɗauke kwayil ɗinta ka musanya da na kusa, ka goge lambar ka zaga, in matsalar ta bi kwayil ka samu ɓarawonka, in ta tsaya ka duba filogi sannan nozul.

Inda na sha wuya shi ne P0171. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa, sai kowa ya ɗauka mai ne ba ya zuwa. Corolla ta 2005 gare ni, kullum da asuba lokacin hunturu sai ta yi ta rawa, in na taka ta shaƙe, amma da rana ta ɗaga lafiya lau kamar ba ita ba. Famfo na canza, nozul sau biyu aka wanke, ashe gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, ne ya bushe, in sanyin Jos ya kama shi sai ya tsuke iska ta riƙa shiga ta gefe, iskar da iyafulo, na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, bai ƙirga ba, in inji ya yi zafi roba ta buɗe ta toshe wurin. Shi ya sa duk bakaniken da na kai wa da tsakar rana ba ya ganin komai.

Gwajin ba wuya, amma dole da safe inji na sanyi. Ka tayar ka bar ta a sulo, ka riƙa fesa maganin wanke kafireta kaɗan-kaɗan a bakin manifol da kan ƙananan tiyo, inda ka fesa ƙarar inji ta canza nan ne ɓular. Kar ka fesa wajen salansa ko kwayil don abin yana kama wuta. Babban tiyon da ya taso daga akwatin filtar iska kuma cire shi za ka yi ka lanƙwasa a hannu, tsagewarsa a ƙasa take ɓuya cikin ninkin. Kar a naɗe da salatif, sati biyu zai saki.

In babu ɓula, mai yiwuwa ƙurar hunturu ce ta rufe iyafulo, a fesa masa maganinsa a bar shi ya bushe, ban yarda a taɓa siririyar wayar ciki da tsumma ko fetur ba. A wanke bakin totur. Sannan ka tambaya ko an cire tamostat, mai tare ruwa har inji ya ɗumama, an haɗa fanka kai tsaye, don in an yi haka, a sanyin Jos inji ba zai ɗumama yadda ya kamata ba, sai ya yi ta shan mai filogi na yin baƙi. A mayar da shi, a goge lambobi, ka bar ta ta kwana ka sake tayarwa da asuba ka ji.